Hoton da ya mai da babana bahago

Shekarun baya, tun 'yata ba ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, saura kaɗan wani tsohon hoto ya raba ni da ita. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, ni ma in taya su, amma a lokacin ba abin dariya ba ne.

Ni 'yar zangon Dapaong ce, aure ya kawo ni Sokode. Mahaifina malami ne, yana koyar da yara a zaurensa. Ya rasu ina ƙarama sosai, ban riƙe kamanninsa ba, hotunansa kuwa gara ta cinye su tun da daɗewa. Dangin mijina ba su taɓa ganinsa ba. Abin da suka sani kawai shi ne 'yar malam suka auro.

Wata rana mahaifiyata ta kira ni a waya ta ce ɗaki ya yi yoyo, garin kwashe littattafansa ta tsinci kilishensa, za ta ba direba ya kawo mini. Na ce, "Mma, kilishi kuma? Na shekara nawa? Ai ya ruɓe." Ta yi dariya har da tari. "Ba na ci ba, sakarya. Kilishe, baƙar ledar nan da masu hoto ke wanko hoto daga jikinta." Ni da na tsaya a aji uku, ina zan sani.

Da ya iso na buɗe takardar, wata 'yar leda ce mai kusurwa huɗu, ba ta cika tafin hannuna ba. Na ɗaga ta sama wajen rana. Sai ga mutum zaune, fuska fara fat kamar an shafa masa toka, rawani baƙi ƙirin, idanu kamar rami. Na yar da ita na ja da baya ina salati. Mijina ya ɗauka yana dariya, ya ce a kilishe haka abin yake, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai an sa shi a na'ura yake daidaita.

Ya kai wa wani abokinsa mai shagon fotokofi kusa da babbar kasuwa. Daga baya na ji yadda suka yi. Abokin ba shi da na'urar wannan aikin, sai ya manna ledar a gilashin taga, ya ɗauka da waya, ya sa kwamfuta ta juya launin. Hoto ya fito. Mijina don murna, tun a shagon ya tura shi guruf ɗin danginsu, kafin ma ni in gani.

Da ya nuna mini na zauna a bakin gado na yi kuka. Goshina ne sak, har wushiryata. Yana zaune a kan buzu, allo a cinya, alƙalami a hannu, yana ɗan murmushi kamar an ce masa kada ya motsa. Ni fuska kawai na kalla. Ashe wasu can hannu suke kallo.

Wan mijina shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinsu. Malami ne shi ma, kowa Alfa yake ce masa, yadda Kwatakwali, mutanen garin, ke kiran malamai. Ba mugu ba ne, sai dai in ya faɗi magana ta zauna. Bayan la'asar ya aiko a kira mu zaure, ni da mijina. Na tarar da surukata a zaune a gefe ta haɗe rai.

Ya miƙo wayarsa, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya ce, "Amarya," don har yau haka yake kirana, "da wane hannu mahaifinki yake riƙe da alƙalami?"

Na duba. Hagu.

"Yanzu dubi allon."

Karatuna na allo bai yi nisa ba, amma na san Bisimilla in na gan ta. Wannan kuwa ga ta nan, amma daga hagu ta taso ta nufi dama, kowane harafi ya juya baya.

Alfa ya ce, "Mai rubuta ayar Allah da hagu, kuma a juye, mun san irin aikin da yake yi. Ba karatun yara ba ne wannan."

Ba wanda ya furta kalmar tsibbu, amma ta cika zauren. Surukata ta tafa hannu ta ce, "Shi ya sa! Yarinyar nan tun tana rarrafe da hagu take miƙo hannu. Na doke hannun, na doke, ya ƙi. Ashe a jini yake." Gaskiya ne 'yata bahaguwa ce. Kuma shekarar nan gidan bai rabu da ciwo ba, wannan ya kwanta wancan ya tashi, kowa yana neman inda zai rataya abin.

Mijina ya ce, "Yaya, ƙila dai na'ura ce..."

"Na'ura ta iya rubutun Larabci ne?" in ji Alfa.

A nan aka yanke magana. Akwai gwaggonsu da ke Kambole, za ta zo biki ƙarshen mako. In za ta koma sai ta tafi da yarinyar, ta riƙe ta can har hannunta ya miƙe, ta yi nesa da abin da ke bin gidanmu. Na ce har yaushe? Surukata ta ce, "Riƙo ai ba a sa masa rana."

Na koma ɗaki na tarar da ita tana wasa da marfin kwano, tana buga shi da cokali, da hagun nata. Na zauna ina kallonta.

Kwana na yi ina buɗa hoton nan a waya, ina duba shi lungu lungu. Washegari ina ninke wankin mijina, na ɗauko babbar rigarsa, sai hannuna ya tsaya a kan aljihu. Kowace babbar riga da na taɓa wankewa, aljihunta da aikin zarenta a ƙirjin hagu suke, don mutum ya zura hannun dama. Na koma na duba hoton. Na babana a dama yake. Wane tela ne zai ɗinka haka? Na ce to ba hannunsa kaɗai ba ne, komai na hoton ne ya juya, kamar a madubi.

Da rawar jiki na je na durƙusa gaban Alfa na faɗa masa. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce, "Kin ga abin da ban ma lura ba. Rigar ma a baibai ya sa ta. Haka suke yi in za su yi aikin."

Wallahi ji na yi kamar in ciji harshena. Na je gyara na ƙara ɓatawa.

Mijina ya koma wurin abokinsa, abokin ya rantse yadda aka ba shi haka ya ɗauka, shi bai juya komai ba. Na kira mahaifiyata ina kuka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wanda ya ɗauki hoton yana nan da ransa, shagonsa na bayan kasuwa, 'yarsa ke riƙe da shi. Ɗauko kilishen ki taho."

Na ce zan tafi da yarinyar. Surukata ta ce ba inda za ta, in na ga dama in je ni kaɗai. Na gane abin da take tsoro, kada in gudu da ita. Ni kuma abin da nake tsoro, kada in dawo in tarar an tafi da ita. Na sa mijina ya dafa kaina ya yi alkawari ba za ta bar gidan ba sai na dawo. Ya yi, amma yana yi yana kallon ƙofar yayansa.

Na naɗe kilishen a takarda, na sa cikin ɗan littafin addu'a don kada ya lanƙwashe, na cusa a zanina. Hanyar Dapaong ba gajera ba ce. Duk hawan dutsen nan da ke sa mata salati ban ma san mun wuce shi ba. A Kara aka tsaya cin abinci ban sauka ba. Wata mata kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, ciki ne ke miki ciwo? Tun Sokode hannunki na kan mara." Na ce e, don ya fi sauƙin bayani.

Mun isa rana ta karkata. Ko gida ban shiga ba, mahaifiyata ta tare ni a tasha muka hau zemijan, babur ɗin haya, sai shagon. Tsohon na zaune a ƙofa a kujerar roba, idanunsa sun yi fari. Ɗan ƙabilar Moba ne, Hausarsa ta kasuwa. Da mahaifiyata ta faɗa masa ko ni wace ce, ya kama hannuna ya ce, "Kai ne yaron malam? Babanka mutum mai kyau ce. Ta hana ni ɗauka sai ta gama layi."

'Yarsa, wata mace mai gilashi da ba ta da yawan magana, ta karɓi ledar ta gefe gefe, ba ta taɓa tsakiyar ba. Ta ce, "Madam, matsala ɗaya. An ɗauke wuta tun safe." Ta nuna mini na'urori biyu a kan tebur. Ɗaya ƙarama kamar gwangwanin madara, tana aiki da batir, nan take take fito da hoto. Amma an yi ta ne don siririn fim, nawa kuwa mai faɗi ne, irin na dā. Ba zai shiga ba sai an rage gefensa da almakashi. Ɗayar babba ce mai marfi kamar ta fotokofi, sai dai ita akwai fitila a cikin marfin da ke haska ledar ta baya. Ita ce ta dace da shi, amma sai da wuta, kuma tana da nawa.

Ta ce, "In aka yanka, allon da hannun duk za su fito, gefe kawai za a rasa. Ki samu motar yamma ki koma. In kuma babbar kike so, sai ki jira, ban san yaushe za su kawo ba."

Gwaggon Kambole washegari za ta iso. Motar yamma tana lodi. Matar ta riga ta ɗauko almakashi ta ajiye a kan tebur, tana jirana. Na ce ta ba ni in ƙara gani. Na ɗaga ledar a bakin ƙofa, sai na lura da wasu ƙananan lambobi da rubutun boko a bakin gefen, daidai inda za a yanke. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce daga kamfani suke zuwa, tun kafin a ɗauki hoto. Tsohon ya jiyo mu daga waje, ya ɗaga murya: "Wa zai yanka? Kada ka yanka! Lamba ita ce ke faɗi gaba da baya."

'Yar ta nuna mini. Ledar fuska biyu gare ta, ɗaya mai sheƙi, ɗaya dishi dishi. In ka kalla ta mai sheƙin, lambobin suna karantuwa daidai. In ka juya, sai su koma baibai. Ta riƙe ta yadda lambar ta zauna daidai, ta ce in duba hannun. Farin mutumin nan mai baƙin rawani, alƙalaminsa a dama yake.

Na zauna a kan benci. Na ce a mayar da almakashin, zan jira.

Jiran nan ban taɓa yin irinsa ba. Ina jin karen mota yana kiran Kara, Sokode, Kara, Sokode, har muryar ta ɗauke. Na kira mijina, ya ce gwaggo ta bugo, da motar safe za ta taso. Na ce ba ni yarinyar mu gaisa. Ya ce tana ɗakin Hajiya, wato surukata. Fankar da ke shagon na ƙura mata ido, ina roƙon Allah ta motsa.

Gab da magariba ta motsa. Matar ta busa ƙurar da ke jikin ledar da wata 'yar roba, ta shimfiɗa ta a cikin firam, ta duba lambar sau biyu, ta rufe marfi. Na'urar ta yi ta gurnani a hankali kamar ba ta so. Hoton ya riƙa sauka a allon kwamfuta daga sama, rawani, goshi, gemu, sai aljihu a hagu, sai hannun dama. Ya fi na farko fitowa nesa ba kusa ba, har zaren buzun ana gani. Bisimilla ta taso daga dama yadda Allah ya yi ta.

Nan take na tura wa mijina. Ba a jima ba ya kira, muryarsa a sanyaye. Ya ce ya nuna wa Alfa, Alfa ya ce na'ura ta juya shi sau ɗaya an ce kuskure ne, yanzu wata na'urar ta sake juya shi an ce gaskiya ne, to shi wacce zai yarda da ita? Ban ji haushinsa ba, don ni ma da a ce ban riƙe ledar da hannuna ba haka zan tambaya.

A gida bayan mun yi sallah mahaifiyata ta zuba mini tuwo, ta zauna tana kallona ina juya shi. Can ta ce, "Akwai abin da ban faɗa miki a waya ba." Na ɗago. "Babanki bahago ne."

Na ce, "Mma!"

"Rage murya. Da hagu aka haife shi. Malaminsa ya ɗaure masa hannun a baya da rawani har ya koyi rubutu da dama. Rubutu da ci da gaisuwa, dama. Amma in zai fere alƙalami, ko ya jefi akuya ta shiga masa littattafai, hagun ce ke fita. Har ya rasu in ya daɗe yana rubutu sai kafaɗar nan ta riƙe, in yi ta gasa masa. Da kika ce mini yarinyar bahaguwa ce, daɗi na ji, na ce ga shi ya dawo."

Na ce to yanzu me zan ce musu? Ta ce, "Me suka tambaye ki? Hoto suka tambaya. Ba su amsar hoto."

Da asuba na kama motar farko. Ta tsaya a Mango ɗaukar buhuna, ta tsaya canjin taya, ni dai ina ta kiran mijina wayarsa na kashe. Na isa Sokode bayan azahar. Ina shiga gida na ga takalman baƙi a ƙofar surukata, na ga ƙullin kaya a kan tabarma, zanin da aka ƙulle shi da shi nawa ne, na goyonta. 'Yata na zaune a cinyar gwaggo an yi mata sabon kitso. Ta gan ni ta zabura, gwaggo ta riƙe ta tana cewa, "Bari uwarki ta huta tukuna."

Ban ko ajiye jaka ba na wuce zaure. Na durƙusa na gaida Alfa, na ciro ledar na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Alfa, ni ban iya bayani ba. Ga shi ba na'ura a tsakani. Akwai lamba a gefe, ka riƙe ta yadda za ta karantu, sai ka duba da kanka."

Ya sa tabarau. Ya fita bakin ƙofa inda haske yake, mu duka muka bi shi, har gwaggo da yarinyar a hannu. Ya ɗaga, ya ce lambar a juye take. Ya juya ledar. Ya ce yanzu ta zauna. Ya matso da ita kusa da ido. Sai na ga leɓensa na motsi. Rubutun fari ne a kan baƙi, ƙanana kamar ƙwayar gero, amma Bisimillar babba ce, ya kama ta, ya bi layin da ke ƙasa a hankali, wata gajerar sura ce da ake fara koya wa yara. Ya sake juya ledar ya kalla, ya sake mayarwa. Ya yi haka ya fi a ƙirga.

Ya sauke hannu ya ce, "Hannunsa na da kyau. Irin rubutun mutanen dā ne." Ya juya wajen mijina. "Abokin nan naka, fotokofi ma a dinga duba masa." Sannan ya ce da surukata, "Hajiya, a kwance kayan nan. Mun ɗauki alhakin bawan Allah, sai mu yi masa addu'a."

Surukata ta ce, "To hannun yarinyar fa?"

Ya ce, "Wannan aikin uwarta ne. Amarya, kin ji ko?"

Na ce na ji. Gwaggo ta saki yarinyar tana cewa ita dai an sa ta ɓata kuɗin kitso. Na ɗauke ta na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Na koya mata ci da dama, da gaisuwa, da karɓar abu in babba ya miƙo. Da lallashi na yi, da wasa, wani lokacin da alewa. Amma ban taɓa ɗaure mata hannu ba, ban kuma bari wani ya doke shi ba. Duk sanda na ga wani ya ɗaga hannu sai in tuna da kafaɗar da mahaifiyata ta yi shekaru tana gasawa.

Maganar da Mma ta faɗa mini kuwa na riƙe ta shekara da shekaru, ko mijina sai daga baya ya ji. Wani lokaci ina tambayar kaina ko ɓoyewa na yi. Amma abin da suka zarge shi da shi bai yi ba, abin da yake da shi kuma ba laifi ba ne, haka Allah ya halicce shi. Tsoro ne ya haɗa mana biyun wuri ɗaya, ni ma har da ni, don kwanakin nan sai da na riƙa kallon hannun 'yata kamar wani abu ne a jikinsa.

Da ta isa shiga makarantar allo, wurin Alfa aka sa ta. Ya ce a zaurensa da dama ake rubutu, ta ce to. Wata rana na kai masa abinci, na tsaya daga bakin ƙofa. Tana can gefe tana fama da alƙalami a dama, harafin yana karkacewa, tawada na ɗiga. Ta saci kallonsa, ta mayar da alƙalamin hagu a hankali. Na ga ya gani. Sai ya gyara zama, ya juya kansa wajen titi, ya kama kallon masu wucewa. Bai waiwayo ba sai da ta kai ƙarshen layin.